Yadda Mai Taliya Ya Sami Takwara a Ƙofa

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan babban yaron gidana ba. Kai, ko ni na so in manta, 'yan tsofaffin da suka rage mana a Kankia ba za su bari ba, domin har gobe in na zo wucewa ta majalisarsu sai wani ya yi atishawar ƙarya, ya kawar da kai kamar ba shi ba. Abin da ya tono zancen kuwa, jikata ce ta dawo hutu daga Kano tana ƙyalƙyala dariya, wai an kai su wani gidan cin abinci, aka kawo musu taliya da wata farar miya mai sunan ubanta. Ta ce, "Kaka, ashe sunan miya kuka sa wa Baba?" Na ce, "Ke amaryar banza, zauna ki ji. Miyar nan na ci ta tun kakarki tana goyon fari."

Zamanin Turawa ne, an fara raɗe-raɗin za su tattara su tafi. Ina sabon magidanci, ina aikin gini tare da masu gyaran hanyar Kano zuwa Katsina, mu ne masu kwalbatoci. Shugabanmu a wajen aikin Bature ne, amma ba irin na Ingila masu tafiya kamar sun haɗiyi taɓarya ba. Mutumin Italiya ne, gajere, mai sanƙo, hannuwansa sun fi bakinsa magana. Sunansa Alfaredo, amma ba mai kiransa haka, Mai Taliya muke ce masa. Da kansa yake kwaɓa fulawa, ya murza ta da kwalba, ya yayyanka sirara-sirara, ya shanya a igiya kamar wanki. Man shanu kuwa wajen Dije yake saye, wata Bafulatana mai kawo mana fura da nono. In ya dafa taliyar sai ya narka man a kai, ya marmasa cukun da yake samu wajen Buzaye, ya ci yana lumshe ido. Ya taɓa ɗanɗana mini. (Ba yaji, ba daddawa, abinci kamar na mai jinya, amma na ce masa ta yi daɗi, don ina son aikina.) Yana jin Hausa daidai gwargwado, sai dai a bakinsa kowa mace ne, har hakimi. Ni kuma Magini yake ce mini, duk da cewa magina sun fi goma a wurin.

A lokacin matata Indo tana da tsohon ciki, an mayar da ita gidan iyayenta a Ƙofa goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Ku yaran yanzu da kuke ɗaukar jariri kuna zagaya gari da shi ba za ku gane ba. A zamaninmu ɗan fari abin kunya ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in an ce maka ɗanka ne sai ka yi kamar da bango ake. Ranar suna kuwa uban yaro ɓacewa yake yi, iyayensa su ne masu hidima, su ne masu zaɓen suna. Ƙari a kan haka, ni ma ɗan fari ne a wajen Baba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai wannan," shi ke nan. In yana son in yi abu, sai ya gaya wa ƙanena, ko ya gaya wa iska, ni kuma in tsinta. Ina sonsa, ina tsoronsa, kuma in gaya muku gaskiya, a lokacin ban tabbata ko ya damu da ni ba.

Wata rana da hantsi, cikin damina, ina kan jera duwatsu Dije ta zo ta sauke ƙwaryarta kusa da ni. Ba ta dube ni ba, ita ma ta san ta-ido. Sai ta ce wa ludayinta, "An ce wata yarinya can Ƙofa, ɗiyar Malam Ɗanjuma, tana bisa gwiwa tun jiya. Ungozoma ta yi iyakar yinta, abin ya ƙi." Malam Ɗanjuma surukina ne. Na so in ruga, amma kunya ta ce in ci gaba da aiki, na kuwa ci gaba. Cokalin gini ya suɓuce mini, na ɗauka, ya sake suɓucewa. Mai Taliya ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Magini, ke ba lafiya?" Na ce lafiya lau. Dije ce ta ga abin nawa ba na ƙare ba ne, ta fayyace masa komai.

Ban taɓa ganin mutum ya fusata don matar wani haka ba. Ya zazzaga mini masifa da yarensu, ya fizgi hannuna, ya tura ni cikin akori-kurar aiki, muka kama hanyar Kusada cikin laka. Motar ta kafe, muka tura, ta sake kafewa, muka sake turawa, Bature ya koma kamar wanda aka tono daga kududdufi. Da muka isa bai tsaya dogon gaisuwa ba, aka sa Indo a gaba ita da mahaifiyarta, ni na hau baya ruwa yana dukana (na gode wa Allah da ruwan, ya fi mini zama kusa da surukuwata), sai asibitin Katsina. Kafin la'asar aka fito aka ce ta sauka, namiji, ita da shi duk suna da rai.

A nan ne bakina ya yanka mini wuya. Na durƙusa a gindin wata bishiya, na kama hannun Mai Taliya mai laka da duka hannuwana, ina kuka kamar ba namiji ba. Na rasa abin da zan ba shi. Ba ni da saniya, ba ni da gona tawa ta kaina. Sai na ji bakina yana cewa, "Wallahi tallahi, sunanka zan sa wa yaron nan." Na zaci zai yi dariya ya ce in bari. Bai yi dariya ba. Ya cire malafarsa, ya juya mini baya, ya daɗe yana fyace hanci. Da ya juyo idanunsa sun yi ja, ya ce, "Gaskiya, Magini?" Na ce, "Na rantse."

Ba mu kai Kankia ba hankalina ya dawo jikina. Magana zarar bunu ce. Na yi kyauta da abin da ba nawa ba, domin sunan ɗan fari Baba ne mai shi. Sannan wane limami ne zai yanka rago da sunan da ba a taɓa ji a cikin annabawa ko sahabbai ba? Ga kuma rantsuwa na ɗora a kai, da sunan Allah, ga mutumin da ya ceto mini rai biyu. Gaba kura, baya sayaki.

Na yi niyyar gaya wa Baba. Na same shi a zaure yana tufkar igiya, na zauna can nesa, na yi gyaran murya. Muka yi zancen geron da ya fara fitar da kai. Muka yi zancen jakin da ke ɗingishi. Da zarar na buɗe baki zan ce "yaron nan da aka haifa", sai harshena ya naɗe, domin yaya za a yi in zauna gaban mahaifina in nuna na san an yi mini haihuwa? Shi ma bai nuna ya sani ba, alhali ga huhun goron suna a bayansa. Na tashi da maganata a ciki. Na ce to, bari in gaya wa Mai Taliya. Na je na iske shi ya sayi wani jibgegen rago, ya ɗaure a bayan tantinsa, yana ba shi harawa a baki yana yi masa waƙa. Yana ganina ya daki ƙirji ya ce, "Takwara! Dije ta koya mini. Yaro takwara nawa!" Na ce, "Ƙwarai kuwa." Na ce ragon ya yi kyau. Na koma.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. An sallamo Indo ta koma Ƙofa, suna ya matso. Sai na ƙulla wata dabara da na ɗauka ta masu hankali ce. Ana gobe suna na je na kwana gidan kawuna a ƙauyen Boko, kusa da Ƙofa, da niyyar in yi sammako in tsaya a bakin hanyar shiga Ƙofa, in tare Bature kafin ya isa cikin mutane, in faɗi a gabansa in gaya masa gaskiya, ko mari ne in sha. Har yau ban san abin da ya sa na saka rigata ta aure ba, ni da na zo ɓuya.

Gidan surukaina shi ne na farko a gefen gari, rumbunansu suna jere daga waje kusa da ƙofar gida. Na laɓe a bayansu gari na wayewa. Can sai ga ƙugin akori-kura. Na fito zan ɗaga hannu, sai idona ya sauka a kan wanda ke zaune a gaba kusa da direba. Baba ne, da rawaninsa, ya rungume ƙwaryar goro. A baya ga baffannina, ga raguna biyu. Ashe Mai Taliya da kansa ya je har gida ya ce shi zai kawo su. Ban tsaya shawara da kowa ba. Rumbun da ya fi kusa na dafa, na ɗaga jinkar kansa, na dira ciki, na mayar da ita.

Wanda bai taɓa zama cikin rumbun gero a tsakiyar damina ba, ya gode wa Allah. Hatsi ya ƙare, saura 'yan dammuna a ƙasa, sai ƙaiƙayi kamar an tara shi don ni. Ya shiga wuyana, ya shiga wandona, ya shiga inda ba a faɗa. Na ce ba komai, in sun shiga zaure sai in sulale. Ina! Zauren ya yi wa jama'a kaɗan, sai na ji ana jawo tabarmi ana shimfiɗawa daidai gindin rumbun da nake ciki. Limamin garin ma da jikinsa ya jingina, har ina jin ƙarar carbinsa.

Aka gaisa, aka fara rabon goro. Ta wata 'yar kafa ina hango Baba zai matsa kusa da Liman ya raɗa masa suna a kunne. Sai Mai Taliya ya miƙe tsaye daga kan turmin da aka kifa masa, fuskarsa kamar gonar auduga, ya buɗe hannuwa ya ce, "Jama'a, na gode! Yau ni farin ciki. Yaro za ta ɗauki sunana. Magini ta yi alkawari, ta rantse!"

Wuri ya yi tsit, har kukan ragon da ke ɗaure ya zama abin saurare. Na ga Baba ya koma ya zauna a hankali. Surukina Malam Ɗanjuma ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Liman, dattijo mai sanyin magana, shi ya yi ƙarfin hali ya ce, "To, madalla. Bature, ƙaƙa sunan naka?"

"Alfaredo."

Liman ya gwada shi a baki kamar mai ɗanɗana magani. Ya ce, "Ban ishe shi cikin littattafai ba. Wane bawan Allah ne asalin mai shi? Mi yake nufi?"

Da Mai Taliya ya ce bai sani ba, da an huta. Amma mutumin kirki ne, kuma ya ji daɗi an tambaye shi. Ya ce wani malaminsu na coci ya gaya musu tun suna yara cewa sunan ba ma na ƙasarsu ba ne, daga tsofaffin mutanen Ingila ya fito, su suka ɗauka suka gyara shi daidai bakinsu. Ya ce rabinsa yana nufin shawara. Liman ya gyaɗa kai, ya ce shawara abu ne mai kyau. Ɗaya rabin fa? Bature ya shiga neman kalma da hannuwansa. Ya ce wasu ne ƙanana-ƙanana, a daji suke, ba a ganinsu, suna da wayo, mutanen da suna cewa su ke ba mai sunan shawara.

Wani tsoho daga baya ya ce, "Aljannu ke nan!"

Sai salati ya tashi ko'ina. "A'uzu billahi!" "Mai shawara da aljannu?" Wani ya tofa addu'a a cikin rigarsa, wani ya janye tabarmarsa baya. Bature yana ta cewa a'a, tatsuniya ce, ba mai saurarensa. Liman ya ɗaga hannu, aka yi shiru. A daidai wannan shirun, wanda ko allura ta faɗi sai an ji, ƙaiƙayin da na daɗe ina kokawa da shi ya yi nasara. Na toshe hanci, na ciji riga, na karanto duk abin da na sani. Atishawar da ta fito ba irin ta mutane ba ce. Rumbun ya amsa kamar an buga ganga.

Ku tuna fa, yanzun nan aka gama zancen aljanu. Liman, wanda ake cewa gwiwa ta hana shi doguwar tsayuwa, sai ga shi ya yi tsalle ɗaya ya bar carbi a ƙasa. Tsohon nan na baya ya bar takalmansa. Mutum ɗaya ne bai gudu ba, mai sunan aljanun. Ya taka turmi, ya ɗaga jinka, ya leƙo. Na ɗaga kai, muka haɗa ido.

"Magini!"

Ya kama ni ta hammata ya zaro ni kamar ɗan akuya daga rijiya. Na dira a tsakiyar tabarmi, rigar aure ta koma launin ƙasa, kaina fari fat, yanar gizo a gemuna, ina susa ta ko'ina. Ga mahaifina. Ga surukina. Ga baffannina, ga dattawan Ƙofa, ga mata sun leƙo ta saman danga, kuma na tabbata surukuwata na cikinsu. Wai don kada a ce abin bai cika ba, sai Mai Taliya ya rungume ni, ya sumbace ni a kunci, dama da hagu, da ƙara. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Ya riƙe kafaɗata ya juya ni wajen jama'a ya ce, "Gaya musu. Ɗanki, sunana. Gaya musu!"

Kun san abin da na ce? A gaban Baba, an ce mini ɗanki. Shekarun tarbiyya suka riga hankalina fita. Na dubi ƙasa na ce, "Wane ɗa? Ni ban san wani yaro ba."

Mutane suka fashe da dariya, domin su sun gane kunya ce. Shi bai gane ba. Na ji hannunsa ya saki kafaɗata a hankali. Na saci kallonsa, na ga murnar nan ta zube daga fuskarsa, ya zama wani tsoho gajere mai sanƙo, shi kaɗai a garin da ba nasa ba. Rumbun da sumbar duk wasa ne. Wannan ita ce kunyar da har yau in na tuna nake jin ta a ƙirjina.

Ya ɗauki malafarsa ya ce, "Ba komai. Rago na yaro ne." Ya juya zai nufi mota.

Sai Baba ya yi magana, karo na farko tun da aka zauna. Ya ce, "Baƙo, dakata. Zamna." Ya zauna. Baba ya ce, "Mi ya sa kake son a sa sunan ga? Ba ka da ɗiya a garinku?"

Mai Taliya ya jujjuya malafar a hannunsa. Ya ce sunan kakansa ne. A ƙasarsu ɗan fari sunan kakansa yake ɗauka, shi ya ɗauki na kakansa, ɗansa ya ɗauki na mahaifinsa, da an jira, jikansa ne zai ɗauki nasa. Amma lokacin babban yaƙin nan ɗan ya mutu yana ƙarami, shi da uwarsa, rana ɗaya. Ya ce, "Ba jika. In na mutu, suna ta mutu." Wannan karon ba wanda ya yi dariyar Hausarsa.

Baba ya ajiye ƙwaryar goro. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi inda nake ba, "A tambayi na cikin rumbu, da gaske an rantse?"

Na ce da ƙasa, "An rantse."

Ya ce, "To." Ya matsa ya raɗa wa Liman magana a kunne, Liman ya raɗa wa sanƙira, aka kayar da rago. Sanƙira ya ɗaga murya ya ce an sami Ibrahimu. Aka shafa fatiha. Zuciyata ta karye, na ce shi ke nan, na ci amanar mutumin nan, kuma na karya rantsuwa.

Ashe Baba bai gama ba. Ya gyara rawani ya ce, "Jama'a, kun ji sunan da anka yanka. Sunan mahaihina ne, Allah ya jiƙanshi. Ni bakina bai iya kiranshi. Matan gidana ba su iyawa, ƙannena ba su iyawa. Yaro kuwa ba ya tashi ba abin kira, dole sai an nema mashi laƙabi. To ga baƙo ya zo da nashi har gida, ya ɗauko shi cikin laka. In ya yarda ya ara mana, da shi za mu riƙa kiran yaron."

Tsohon nan da ya dawo neman takalmansa ya ce, "Malam, aljannun hwa?"

Liman, wanda ya tsinci carbinsa da mutuncinsa, ya ce, "Laƙabi ba yanka ba ne. Kai nan Ajuji anka sa maka, ka zama juji? Su aljannun ma akwai Musulmi cikinsu. Ya ce zai sa mashi sunan, an kuwa sa. Rantsuwa ta cika." Aka kwashe da dariya, har shi Ajujin.

Sai da aka sake yi wa Mai Taliya bayani dalla-dalla kafin ya gane cewa sunan da za a ji kullum a tsakar gida, a gona, a kasuwa, nasa ne. Da aka fito da jaririn wajen wanzami, Baba ya ce a fara miƙa wa takwaransa. Ya karɓe shi da hannuwan nan nasa masu kaushi, ya kira sunan a hankali, ya sake kira, hawaye na bin gemunsa. Ni dai ina can gefe na juya baya ina susa, amma kunnuwana suna wurin. Daga nan ya sa aka sauko da tukunya daga mota, ya dafa wa gari guda taliyarsa mai man shanu da cuku. Dattawa suka ci da hannu, suka ce madalla, suka aika cikin gida a asirce a kawo yaji.

Da za a koma, na ƙi shiga motar, na ce zan taka. Na ɗan yi nisa sai na ji takun mutum a bayana. Baba ne, wai shi ma motar tana juya masa ciki. Muka yi ta tafiya tsakanin gonaki, yana gaba ina baya. Can ya tsaya kamar mai duba geron wani. Da na iso daidai shi, sai ya sa hannu ya kakkaɓe mini ƙaiƙayin da ke kafaɗata, ya cire mini yanar gizo daga gemu, idonsa na kan gona. Ya ce wa geron, "Yaron da ya san a yi mashi alheri ya rasa abin biya har ya yi wauta, bai lalace ba." Ya wuce. Tun ina yaro rabon da hannunsa ya taɓa ni. Na tsaya a nan na yi kukana na biyu a mako guda, daga ranar kuma ban sake tambayar kaina ko ya damu da ni ba.

Mai Taliya ya yi kusan shekara biyu tare da mu kafin aiki ya gusa da su gaba, daga can muka ji ya koma ƙasarsu. Duk Juma'a sai ya zo ganin takwaransa, kuma a gabansa yaron ya fara tafiya. Sunan ya bi yaron har yau da yake da furfura da jikoki. A takarda Ibrahim ne, a Kankia kuwa in ba ka ce Alhaji Faredo ba, ba wanda zai nuna maka gidansa. Ni ma ban tashi a banza ba, a ranar aka raɗa mini nawa. Indo, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya in ta so tsokanata sai ta ce, "Na-rumbu, a kawo tuwon nan ko a miƙa maka ciki?"

Da na gama ba jikata labarin, ta share hawayen dariya ta ce, "To Kaka, wane darasi ka koya?" Na ce biyu. Na farko, kada daɗi ya sa ka yi kyauta da abin da ba naka ba, in kuwa ka yi, ka roƙi Allah ya ba ka uba irin nawa. Na biyu, in za ka ɓuya, ka nemi rumbun dawa.

Ta ce, "Amma ka ga yau ka kira sunan Baba, na ji da kunnena."

Na ce, "Ke, kiyaye ni. Duk inda kika ji na faɗi sunan nan, Baturen nake nufi." Ni da na yi rantsuwar, na sha ƙaiƙayi a kanta, in ka cire marigayiya uwarsa, ni kaɗai ne a duk Kankia ban taɓa kiran yaron da shi ba. Yana shigowa gaishe ni kowace safiya, da furfurarsa da komai, in ce, "Kai wannan, ka tashi lafiya?" In ya sunkuya, sai in sami wani abu a kafaɗarsa in kakkaɓe, ko da babu komai a wurin.